Ɗakin karatu na jama'a a Riyad: inda nake kai yara da hutu

Duk mai 'ya'ya a Riyad ya san hutun bazara: zafi ya haura digiri 40, yara a kulle cikin gida, waya a hannu tun safe har dare. Ni mafitar da na samo wa nawa ita ce wani ɗakin karatu na jama'a da ke kusa da unguwarmu. Da iƙamata, wato katin izinin zama a ƙasar, kawai na yi rajista, ba wanda ya nemi takardar makaranta.

Abin da ya fi burge ni shi ne zaman karanta wa yara labari. Malama za ta zauna a kan kafet, yara sun kewaye ta, ta ɗaga littafin yana fuskantarsu don su ga hotuna, tana karantawa da Larabcin fusha, wato daidaitaccen Larabci na littafi, a tsanake, tana sauya murya idan kura ta yi magana. Can sai ta tsaya ta ce wa zai faɗi abin da zai faru gaba. Nan ne amfanin yake a gare mu. 'Ya'yanmu Hausa suke yi a gida, Larabcin titi a waje, amma fusha ce ke kayar da su a makaranta. 'Yata da ko kusa ba ta son karatu a fili, yanzu ita ke ɗaga hannu. Bayan labari a raba musu takarda da kala, a dawo gida da zanen kura mai ƙafa shida.

Wani dattijo maƙwabcinmu da ya ga muna fita ya ce, "Baban yara, ai wurin na 'yan jami'a ne." Na ce, "A'a Baba, na kowa ne, har jikokinka." Da yawa haka suka ɗauka, suna haɗa shi da ɗakin karatu na intanet na Saudiyya, wanda shi kam ta jami'a ake shiga.

Ta ɓangaren intanet, wanda na fi amfani da shi shi ne kundin bai-ɗaya na littattafan Larabci, wanda Ɗakin Karatu na Sarki Abdul'aziz da ke nan Riyad yake kula da shi. Kana zaune a gida za ka sa sunan marubuci, ya nuna maka ɗakunan karatun da ke da littafinsa. Da shi na bi sawun littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sai dai ka rubuta sunan da baƙaƙen Larabci, Usman bin Fodi, in ba haka ba ka sha wahala. Akwai kuma rumfunan sauraron littattafai da ake kira Masmu'u, waɗanda Hukumar Ɗakunan Karatu ta kafa a wuraren shaƙatawa. Sun dace da iyayenmu da ke jin Larabci amma ido ya yi rauni.

Hukumar nan a 2020 aka kafa ta a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu, kuma burinta ta mayar da ɗakunan karatu 153 su zama Gidajen Al'adu zuwa 2030, masu dandalin taro da sashen yara. Na Dammam yana cikin na farko da aka buɗe.

To amma namu na unguwa yana da nasa matsalolin. Sanarwar shirye-shirye a X da Instagram suke sa ta, mu kuwa mutanen WhatsApp ne. Kafin labari ya iso mana gurbi ya cika. An taɓa mayar da mu daga bakin ƙofa, yara sun ci kwalliya, saboda ba mu yi rajistar ranar ba. Sannan na duba kantoci kaf, ga na Turanci, ga na Faransanci, ban ga littafin Hausa ko ɗaya ba, duk da yawanmu a ƙasar nan. Na rubuta buƙata na bar wa ma'aikacin teburin karɓar baƙi.

Wanda zai je ya yi rajistar kowane zama tun daga gida, ya kuma tafi wa ƙananan da riga mai kauri, don na'urar sanyaya ɗakin ba ta wasa.