4x6 ko 5x7: wanne ya fi dacewa da hoton waya?

Hajiya daga Gusau ta yi tambaya: ta kai hotunan bikin ɗiyarta situdiyo an wanke mata a takarda mai girman inci 4x6, sai ga ɗaurin ɗankwalin ƙawayen amarya an datse, wasu mazan ma rabin hula. Shin ta koma 5x7, ko laifin mai wankin ne?

Hajiya, mai wankin bai ci amanarki ba. Waya da takardar hoto ne ba siffarsu ɗaya ba. Yawancin wayoyi suna ɗauka a 4:3, wato faɗi huɗu tsayi uku. Takardar inci 4x6 kuwa 3:2 ce, ta fi siriri, an yi ta ne daidai da fim ɗin 35mm na da, kuma manyan kyamarorin Canon da Nikon har yau a kanta suke. To idan aka ce hoton waya ya cika takardar nan baki da baki, dole wani ɓangare ya fita waje, kamar zane ne da aka shimfiɗa kan gadon da bai kai shi ba.

Ga lissafin. Ɗauki hoto mai fiksel (ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto) 4000 a faɗi, 3000 a tsayi. A 4x6, tsayin da zai shiga 2667 ne kawai, kin rasa kusan kashi 11 cikin ɗari. A 5x7 kuwa 2857 ne zai shiga, asarar ba ta kai kashi 5 ba. Na'ura tana raba yankan biyu, sama da ƙasa, ba ta san kai ba, ba ta san ƙafa ba. Shi ya sa hoton taro da aka ɗauka a kwance ya fi shan wahala, musamman namu na biki da ake cika mutane har bakin hoto, ga ɗauri ya tashi sama. Wanda aka ɗauka a tsaye, gefe da gefe ake ci, sai ki ga kafaɗar amarya ta tafi.

Don haka a hoton waya ni 5x7 nake zaɓa. 4x6 ta fi araha, ta fi shiga ƙananan albam, kuma idan mai ɗaukar hoto kuka ɗauko da babbar kyamara, ita ce daidai, ko ƙwayar zarra ba za a yanke ba. 8x10 ta firem ɗin bango ba ta cin hoton waya sosai, kusan kashi 6 daga dogon ɓangarensa, amma hoton babbar kyamara kashi ɗaya cikin shida take cinyewa.

Wanda ya fi ban haushi shi ne 16:9, wanda yara ke saitawa don hoto ya cika fuskar waya. A 8x10 kusan kashi 30 ke salwanta. Mutum biyu na gefe sun fita daga bikin ke nan.

Ko wacce kika zaɓa, ki datse da kanki kafin ki fita gida. Wurin gyaran hoto na iPhone yana da 3:2 na 4x6, da 7:5 na 5x7, da 5:4 na 8x10, manhajar gyaran hoto ta Snapseed ma haka. Ki ja hoton yadda yankan zai faɗa kan tabarma da takalma, ki bar ɗan fili a saman kai, don bakin firem ma yana rufe kaɗan. Idan hoton ya matse ta ko'ina, ki ce a saka shi duka a bar farin gefe.

Sai batun turawa. 5x7 mai kyau tana son fiksel 1500 da 2100, 4x6 kuma 1200 da 1800. WhatsApp yana rage hoto idan aka tura shi kai tsaye, kuma hoton da ya zaga hannu uku a guruf ɗin dangi ba zai fito tas ba. Ki nemi na ainihi daga wayar da ta ɗauka, a tura shi a matsayin fayil ko a kai a filash.