Kyautar Maki da Kyautar Hali

Kyautar na ɗaya a aji ba ta da gardama: a tara maki, a kira suna. Sai dai yara biyu ko uku ne ke karɓe ta kullum, saura su yi tafi.

Kyautar hali da ƙwazo kuwa sai malami ya sa ido, ya ga yarinyar da ta tashi daga maki 30 zuwa 55, ko yaron da ke tsayawa bayan an tashi yana koya wa abokinsa lissafi. Son rai na iya shiga, shi ya sa gara malamai da yawa su yi zaɓen. Ni dai ita na fi so. Binciken da masana halayyar ɗan Adam Mueller da Dweck suka yi a 1998 ya nuna yaran da aka yaba wa ƙoƙarinsu sun fi waɗanda aka yaba wa basirarsu zaɓar aiki mai wuya.