Kwas ɗin dabarun kasuwanci na ƙarshen mako a Sakkwato: ya cancanci kuɗinsa?

Wata cibiya mai zaman kanta ce ke gudanar da shi Asabar da Lahadi a cikin garin Sakkwato. Mutane iri biyu ke cika ajin: manajoji da masu kamfani, sai ɗaliban digiri na biyu da ke son zama masu ba 'yan kasuwa shawara. Haɗa su wuri ɗaya shi ne babban alherin kwas ɗin, domin duk ƙa'idar da ɗalibi ya kawo daga littafi, akwai Alhaji mai injin shinkafa da zai tambaye shi ina kuɗin dizal ya shiga.

Ana farawa da abubuwa biyar masu tasiri a gogayyar kasuwa da masanin dabarun kasuwanci Michael Porter ya zayyana a 1979: abokan gogayya, sababbin masu shigowa, masu sayar maka da kaya, masu saye, da kayan da ke iya maye gurbin naka. Malamin ya iya bayani, sai dai misalansa duk na kamfanonin Amurka ne, kuma wannan abin takaici ne. Alhali ga misalai a gida: ga kamfanin siminti a Kalambaina, ga iyakar Illela da aka rufe a 2019 aka sake rufewa a 2023. Wane darasi ya fi wannan nuna haɗarin dogara da hanya ɗaya?

Ɓangaren lissafi shi ne ƙashin bayan kwas ɗin. Ana sa kowa ya raba kuɗin da ba ya canzawa, irin haya da albashi, da wanda ke tashi da yawan kaya. In na farkon ya kai naira 600,000 a wata, ribar kowane buhu bayan an cire na biyun kuma 2,000 ce, sai ka sayar da buhu 300 kafin ka fara cin riba. Aikin albasa ya fi burgewa: ka sayi buhu 100 da kaka ka zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, 30 suka ruɓe ko suka motse. Sai farashi ya tashi da kusan kashi 43 cikin ɗari kafin uwar kuɗi ta dawo, ban da dako da kamashon dillali. 'Yan kasuwa da yawa ba su sa asarar ajiya a lissafi, shi ya sa suke ganin riba a baki ba su ganin ta a aljihu.

A koyar da aikin ba da shawara ne aka yi rauni. Matakan daidai suke: rubuta yarjejeniya, tattara bayanai, gano ainihin matsala, miƙa rahoto. Amma an ɗauka kowane kasuwanci yana da littafin ciniki. A nan kuwa sau da yawa kuɗin shago da na cefane aljihu ɗaya suke kwana, bashi kuma da baka ake bayarwa. Ya kamata a koya wa ɗalibi ya fara da ƙirga kaya da rubuta cinikin kowace rana na mako biyu, ya kuma ji ta bakin yaran shago ba a gaban maigida ba. Rahoto mai shafi talatin da Turanci ba zai karantu ba. Shafi biyu da Hausa, da shawara uku da ranar aiwatar da kowace, sun fi amfani.

Manaja zai ci moriyarsa tun makon farko. Ɗalibi kuwa, kafin ya biya, ya nemi jadawali ya tabbatar akwai fita aiki a kasuwanci na gaske, ya kuma tambayi wanda zai duba rahotonsa.