Hattara da masu tallan "manhajar data kyauta" a Zariya

Jama'a, musamman 'yan Samaru da Kongo, a yi hattara. Akwai wasu samari da ke bin guruf-guruf na ɗalibai a WhatsApp suna tallan wata manhaja, wai tana ba da data kyauta. Naira 1,500 suke karɓa, su tura maka ita ta Xender. Babu ita a Play Store, wannan kaɗai ya isa mutum ya ja da baya, amma kun san kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ƙanwata ce ta faɗa hannunsu. Kwana biyu da saka manhajar, waya ta daina jin magana. Tana cikin karatu sai Chrome ya buɗe kansa, ya jefa ta shafin caca. Ta rufe, ya sake buɗewa. Batir ya yi zafi rau, datar da ta saya da kuɗinta ta ƙare tas. Ranar Juma'a ta miƙa wa Baba wayar don ya ga hoton jikansa, sai ga mace tsirara ta cika fuskar waya. Baba bai ce uffan ba. Ya ajiye ta a kan tabarma, ya tashi.

"Yaya, wallahi ban taɓa shiga irin wajen nan ba," ta ce da ni, tana hawaye.

Na san gaskiya ta faɗa. Masu irin wannan manhaja ana biyansu ne a kan kowace talla da ta bayyana ko aka latsa, saboda haka wayarka ta zama gonarsu. Ba yau aka fara ba: a 2017 kamfanin tsaron intanet na Check Point ya fallasa wata mai suna Fireball, wadda ya ce ta kama kwamfutoci miliyan 250, tana sauya musu shafin bincike.

Ta wayar ƙanwata ɓoye kanta ta yi, ko tambarinta ba ka gani. Sai da na shiga saitin waya, na bi jerin manhajoji ɗaya bayan ɗaya, na tarar da wata can ƙasa ba suna ba hoto, na goge ta. A saitin Chrome kuma na toshe sanarwar duk shafin da ta taɓa danna wa "Allow", sannan na kunna Play Protect, wato tsarin da ke cikin Play Store mai duba wa waya miyagun manhajoji.

In talla ta faɗo tana cewa wayarka ta kamu da bairos, kar ka latsa, kar ka kira lambar da ke jiki. Shafin intanet ba ya iya duba cikin wayarka.

Shi kuwa yaron da ya karɓi kuɗin, tuni ya toshe lambarta.