Carrot2 ko Google? Ga wanda zan ce ka ɗauka

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tunda kundin kammala karatun naka a kan lafiya ne, tsakanin Google da Carrot2 da ka tambaya, fara da Carrot2, shafin bincike na intanet mai rarraba sakamako kashi-kashi.

Bara ƙanwar maiɗakina tana haɗa nata kundin a kan zazzaɓin cizon sauro ga masu juna biyu. Ta iso gidanmu a Ƙofar Ƙaura da kwamfutar aro, ido ya yi jajir, kwana uku tana buɗe shafi tana rufewa, ko layi ɗaya ba ta rubuta ba. Na buɗe mata Carrot2, muka zaɓi PubMed, rumbun binciken likitanci na Amurka, muka sa kalmomin da Turanci. Sai ga sakamako ya fito kashi-kashi kamar tumatir a gaban mai kayan miya, kowane kashi da sunansa: na gidan sauro daban, na ƙarancin jini daban, na maganin kariya, na nauyin jarirai. Har da na yadda cutar ke taɓa mabiyiya, abin da bai taɓa zo mata a rai ba. Kafin a kira la'asar ta fitar da kanun babi na biyu daga sunayen nan. Har yau in ta zo gaisuwa sai ta riƙo mani ƙuli-ƙuli.

Ba tsafi ba ne. Carrot2 yana duba take da 'yan layukan bayanin kowane sakamako, ya tsinto kalmomin da ke yawan maimaituwa, ya raɗa wa rukuni suna da su. Wasu masana a birnin Poznan na ƙasar Poland suka ƙirƙire shi, kuma kyauta ne. Sai dai wani sunan kan fito bambaraƙwai, kuma akwai kashin tarkace da yake zuba abin da ya rasa inda zai sa. Leƙa can ma, wani lokacin naman na ciki.

Google kuwa, to, yana da sauri. Amma jerin gwano ne, kai za ka yi tsintar da kanka. Rubuta "Daura" kawai, sai ya gwamutsa maka rijiyar Kusugu da labaran siyasa da matatar mai ta Bagadaza. Inda ba zan ci haƙƙinsa ba shi ne Hausa: Carrot2 bai san harshenmu ba, in da Hausa za ka nema, koma Google.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da "manhajar bincike" a filashi a shagunan buga takardu. Ni ma an taɓa karɓe mani dubu biyar a haka, ashe abin kyauta ne aka sauya wa suna. Wani ma har Clusty, wani tsohon shafin bincike irin wannan, yake tallatawa, alhali tun 2010 aka sayar da shi ya koma Yippy.

Kada ka ba kowa ko sisi. Ka buɗe a kwamfuta, a waya rubutun ya yi ƙanana, ka zaɓi PubMed. In ka fitar da kanun, turo mu duba kafin ka kai wa malaminka.