Mitar auna danshi da ɗakin bayan motata: abin da na gani bayan damina biyu

Yaran unguwarmu a Arkilla "kunkuru" suke ce masa. Ɗakin kwana ne da ake ɗora wa a-kori-kura a baya, in an tashi saukewa a kafa masa ƙafafu huɗu na jak, mota ta zare jikinta ta bar shi tsaye. Tsoho ne, daga Turai aka shigo da shi ta Kwatano, ni kuma na saya a hannun wani. Lokacin albasa da tafarnuwa yake yi mini rana, in na shiga wajen Wurno da Goronyo sai in kwana biyu ko uku ban nemi masauki ba.

Da ana ciniki, wani yayana da ya ɗan zauna Ingila ya ce kada in biya sai na auna danshi, don can abin da ke kashe irin waɗannan ɗakuna ke nan. Dariya na yi masa. Danshi a Sakkwato, garin da kafin ka gama shanya wanki rigar farko ta bushe? Duk da haka na bi maganarsa, na sa aka aiko mini da mitar auna danshin katako. A kanta nake wannan sharhi.

Ƙaramar aba ce, ba ta fi wayar hannu girma ba, da batir ɗaya da allurai biyu a kai. Kuɗinta bai kai na cika tankin mota ba. Kana soka alluran cikin katako sai ta tura 'yar wuta tsakaninsu. Jiƙaƙƙen katako ya fi busasshe barin wuta ta wuce, da wannan take lissafa maka kashi nawa cikin ɗari na ruwa ke ciki. Masu gyaran irin waɗannan ɗakuna suna ɗaukar ƙasa da 15 a matsayin lafiya. Daga 15 zuwa 20 a sa ido. In ya wuce 20 katako ya shiga yanayin da yake ruɓewa, in kuwa ya haura 30 to akwai ɓarna a ciki.

Cikin Janairu na auna, hunturu na tsaka da busawa. Bango, ƙasa, gefen tagogi, ƙarƙashin katifa, ko'ina 7, 8, 9. Na ji daɗi, na biya kuɗi, har na kira yayana na yi masa tsiya.

Watan Agusta ya ƙaryata ni. Bayan ruwan kwana biyu a jere na buɗe ƙofa, wani wari ya tarbe ni, irin na ɗakin da aka ajiye jiƙaƙƙun buhunan gero. Ban ga ɗigo ko ɗaya ba, rufi fes. Da na ɗauko mitar kuwa, kusurwar gadon nan da ke leƙowa saman kan direba ta ba ni 31. Wurin da aka ɗaure ƙafar jak ta baya, hagu, 26. Na danna bangon da babban yatsa, ya lotsa kamar burodi.

Wani dattijon kafinta na kai wa, irin waɗanda suka ƙware a bodin manyan motoci. Ya ƙwanƙwasa bangon da ƙotar sukudireba, yana tafiya yana saurare. Inda yake lafiya amo na tashi rau, inda ya lalace sai ka ji dum. Ya kwance sukuru ɗaya daga ƙarfen da ke rufe kusurwa, ya fito baƙi wuluk da tsatsa, ramin ko riƙe shi bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga icce ya mutu tun ba yau ba. Ba ruwan bana na ba."

Na ce, "Baba, ai na auna shi kafin in saya."

Ya ce, "Da hunturu? Ko gawa ka auna da hunturu busassa za ka iske ta."

Wannan magana ita ce duk abin da zan gaya wa mai son sayen mitar nan a ƙasarmu. Ruwan da ke cikin katako a ranar take aunawa, ba ƙarfin katakon ba. A Turai, ruwan da ya shiga bango yakan zauna wata da watanni, duk ranar da ka auna za ka kama shi. Mu nan ruwanmu na wajen wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara iska da rana su zuƙe komai. Katako ya jiƙe, ya ruɓe, ya bushe ƙayau, mitar ta ce maka 8 alhali garin katako ne kawai a tsaye. Ba ƙarya ta yi ba, ni ne na tambaye ta a lokacin da ba ta da amsa.

Da muka ɓare filawud na ciki na ga yadda aka yi ginin: alminiyam a waje, siraran katako a matsayin ƙashin jiki, farin soso irin na kwalin talabijin a tsakani, sai filawud mai ado a ciki. Ruwa in ya shiga ba shi da mafita, alminiyam ya tare shi ta waje, ledar adon ta tare shi ta ciki. Kuma ba inda ya shiga yake nuna kansa ba. Namu ta bakin tagar rufi ya shiga, ya bi katako ya gangara fiye da kamu uku kafin ya taru a kusurwa. Gam ɗin asali da ke ƙarƙashin ƙarafunan gefe ya bushe ya tsattsage kamar fadama a bazara. Ba mamaki, zafin Afrilu a nan yakan wuce digiri 40, alminiyam ya miƙe da rana ya tsuke da dare, kullum yana jan gam ɗin. Wani kafin ni ya shafa silikon a kai, ya rufe ido kawai. Silikon ɗin ya saki ta gefe ya zama aljihun tara ruwa, kuma sabon gam ba ya kama inda ya taɓa sai an kankare shi tas.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ƙafar jak ce. Duk nauyin ɗakin kan kusurwoyin nan huɗu yake sauka in an cire mota. Katakon da notocin suka kama ya zama abin da Baba ke tonowa da farce. Sau nawa na shiga ƙarƙashinsa ina daidaita mota, sau nawa yara suka yi wasa a inuwarsa! Allah ne kawai ya kiyaye. A ƙasan wannan kusurwar har gara ta fara hanya, don a kan turɓaya nake ajiye shi, ƙasansa dab da wani tsohon kututture.

Gyaran ya ci mako biyar, yawancinsa jira ne. Mun bar shi a buɗe ƙarƙashin rumfa har sauran katakon ya sauko ƙasa da 15, nan kam mitar ta yi aikin da ido ba zai yi ba. Baba ya yanke duk ruɓaɓɓen wuri har ya cim ma mai rai, ya sa madaci a kusurwoyin jak, ya ƙara farantin ƙarfe ta ciki. Madaci ya fi katakon asali nauyi, shi ya sa ba mu sa shi a rufi ba. Filawud mai jure ruwa sai daga Kano aka kawo. Ƙarafunan gefe da tagar rufi duk an cire su, an wanke, an zaunar da su kan gam ɗin Sikaflex da sababbin sukurori marasa tsatsa. Bayan ya kama, na shiga ciki da tocila, ɗana yana zuba ruwa da tiyo daga ƙasa zuwa sama sannu a hankali, don in ya fara ta rufi ba za ka gane ta ina ya shiga ba.

Mitar na da wasu halaye da ya kamata a sani. In allura ta taɓa sukuru ko alminiyam sai lamba ta yi tsalle, ka zaci bango ya jiƙe. Sau biyu ta firgita ni a banza kafin in gane. Tana barin ƙananan huji biyu duk inda ka soka, don haka cikin kabad da bayan labule nake aunawa. Alluran gajeru ne, fatar bango kawai suke kaiwa. In batir ya yi sanyi lissafinta na rikicewa, takardar da ta zo da ita kuwa ba ta ce komai a kan wannan ba. Murfin alluran ya fashe tun wata na biyu.

Zan sake saye? Ƙwarai, amma da sharaɗi. Ƙarshen Agusta ko farkon Satumba ake aunawa, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai ƙarfi. In dole sai da rani za ka sayi ɗakin, bar mitar a aljihu, ka je da hanci, da babban yatsa, da sukudireba, ka nemi izinin kwance sukuru ɗaya a kowace kusurwa. Mai sayarwa in ya hana, ka san abin da ake ciki.

Daminar da ta wuce na auna wuri goma sha biyu, na rubuta lambobin da biro a bayan ƙofar kabad. Goma sha ɗaya ba su wuce 14 ba. Ƙarƙashin tagar kicin, wadda ba mu cire ba don Baba ya ce gam ɗinta da saura, ta ba ni 19. Na gaya masa, ya ce in kawo kunkurun in an gama kwashe albasa.