Shafin cacar kirifto mai neman katin shaida da wanda ya ce ba ya nema

Wani ɗan'uwa ya tambaya: tsakanin shafin cacar kirifto da ke neman katin shaida tun a bakin ƙofa, da wanda ke tallar cewa babu KYC (wato tantance ko kai wane ne ta hanyar takardun shaida), wanne ya fi rufa wa mutum asiri? Hukuncin caca a addini sananne ne, ba shi muka zo yi ba. Maganar bayananka muke yi.

Na farkon ba ya ɓoye abin da yake so. Zai nemi hoton fasfo, lasisin tuƙi ko katin NIN gaba da baya, sai ka kalli kyamara ka juya kai hagu da dama don a tabbatar ba hoto ka ɗaga ba, sai takardar banki ko ta wuta wadda yawanci ba ta wuce wata 3 ba. In kuɗin sun yi kauri, a tambaye ka inda ka samo su. Yawancin shafukan ba su ke tantancewar da kansu ba, kamfanoni irin su Sumsub, Veriff da Jumio suke bai wa kwangila. Wato fuskarka tana hannu biyu ke nan. Kuma ko ka rufe asusun, dokokin hana halasta kuɗin haram a ƙasashe da yawa sun wajabta a ajiye takardun har shekara 5, don haka roƙon a goge ba ya aiki nan take.

Haɗarin ajiyar nan ba zato ba ne. A watan Mayun 2025 Coinbase, wadda kasuwar kirifto ce mai lasisi, ta bayyana cewa an ba wasu ma'aikatan kula da abokan hulɗa cin hanci, suka fitar da sunaye, adireshi, hotunan katin shaida da adadin kuɗin mutane kusan 69,000. Ɓarayin suka nemi fansar dala miliyan 20. Kalmar sirri in ta fita ana canza ta cikin minti ɗaya. Fuska da adireshin gida kuwa?

Na biyun, malam, a nan ake yi wa mutane shigo-shigo ba zurfi. Imel kawai zai nema, ka zuba USDT (kirifton da aka ɗaure darajarsa da dala) ka fara. Amma buɗe sharuɗɗansa ka nemi inda aka ce suna da damar neman shaida a kowane lokaci. Lokacin nan kusan kullum ranar cire kuɗi ne, musamman bayan babban ci. A ranar kuɗinka na hannunsu, ba ka da bakin ciniki. In suka ga ka shigo da VPN (manhajar ɓoye inda kake) daga ƙasar da suka haramta, ko sunan katin bai dace da na asusun ba, sai su riƙe kuɗin da hujjar ka karya sharaɗi. Irin wannan wasa ne ya sa hukumar caca ta Birtaniya, daga Mayun 2019, ta wajabta tantancewa kafin a fara caca, ta kuma hana a bijiro da ita ranar cirewa in da halin nema tun farko. Shafi mai lasisin wani waje, kamar tsibirin Anjouan na ƙasar Comoros, ba ya ƙarƙashin wannan doka.

Sannan rashin ba da kati ba ya ɓoye ka. Bitcoin da USDT a buɗaɗɗen kundi da kowa ke iya dubawa suke tafiya. In daga kasuwar kirifto irin Binance ko Bybit ka turo, inda ka riga ka ba da shaidarka, sawun yana nan daga asusunka zuwa walat ɗin shafin, kuma kamfanonin bin sawun kirifto irin su Chainalysis sun yi wa adireshin walat na manyan gidajen caca alama. Shafin ma yana riƙe da adireshin IP (lambar da ke nuna inda ka shigo intanet) da bayanan wayarka.

A ganina na farkon ya fi sauƙin aunawa, tunda ka san wa ka bai wa me kafin sisinka ya shiga. Wanda aka nemi takardunsa ta Telegram ko imel maimakon cikin shafin, kada ya tura, domin ta nan masu kwaikwayon ma'aikatan shafi suke tara katunan da ake buɗe asusun damfara da su.